Wayoyin da ke Kan Sufiyanu

Kwana goma sha ɗaya da dawowar Sufiyanu garin Gure, Ummul Kulsum ba ta sa shi a ido ba. Labarinsa kuwa ta sha har ya ginshe ta. A ɗakin malamai na lise, makarantar sakandaren garin, inda take koyar da ilimin halittu, an ce Turawa sun dasa masa rediyo a ka. Masu fura a bakin tasha sun ce batir yake ci kamar salula, in ya ƙare sai ya faɗi. Wata tsohuwa a gidan suna ta rantse da kunnenta ta ji kansa yana kuka kamar ɗan tsako.

Abin da Ummu ta sani tabbas kaɗan ne. Sufiyanu ɗan Yero ne, makiyayi daga Alakos, wanda ya bar bin shanu ya bi lakwal, wato makarantar boko, har ta kai shi Faransa yana aikin wutar sola. Shekara biyu da suka wuce magabatansa suka kawo gaisuwa, mahaifinta Malam Idrisa ya karɓa hannu bibbiyu. Ana saura wata huɗu biki Sufiyanu ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Aka sami ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ciwon daji. Aka yi masa aiki, aka gasa wurin, ya sha magani. Daga nan saƙonninsa suka gajarta, kullum "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ba ƙari.

Yanzu ga shi ya zo hutun wata biyu, ya sauka gidan ƙanwarsa Mariyama. Ranar da ya sauka Malam Idrisa ya kira Ummu ya ce, "Kada ƙafarki ta taka inda yake sai na gama tunani."

Mai hura wutar tunanin nan ba a ɓoye take ba. Gwaggo Habsu ce, yayar Malam Idrisa, wadda ta goye Ummu tun ranar da mahaifiyarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Gwaggo kuma tana da ɗa, Mainasara, mai kamiyo, babbar motar da ke jigilar kanwa da dabino zuwa Damagaram, wanda tun Ummu na da kitson makaranta yake ce mata matarsa.

Ranar Laraba da aka tashi daga lakwal Ummu ta tarar da Mainasara jingine da motarsa a inuwar dogon yaro.

"Shigo in sauke ki, Ummu. Ranar nan ba ta tafiyar ƙasa ba ce."

"Na gode, Yaya. Gida ba nisa."

Ya sha gabanta, ya sassauta murya. "Ni ban yi zurfi a karatu ba, amma na sa an karanta mini. Irin ciwon nan nasa, yawancin masu shi ba sa cika shekara biyu. Ba ni na faɗa ba, likitocinsu ne. Wallahi ba mugunta nake masa ba. Ke nake ji."

Ta kalli yashin da ke ƙarƙashin takalminta. Can ta ɗago.

"An ce ka je ka gaishe shi. Ka ga abin da ke kansa?"

"Na gani."

"Wayoyin nawa ne? Cikin fata suka shiga, ko bisa suke?"

Mainasara ya riƙe baki. "Ina miki maganar rai da mutuwa, kina tambayata waya?"

Ita ma ba ta san yadda za ta bayyana masa ba. Haka Allah ya yi ta. Ita ce tana 'yar shekara bakwai ta kwance agogon bangon babanta don ta ga wanda ke zaune ciki yana bugawa. Abin da ba ta gane ba shi ke hana ta sakat, abin da ta gane kuwa, komai muninsa, tana iya zama da shi.

Washegari Allah ya kawo mata hanya. Mariyama ta haihu, kuma Mariyama ƙawarta ce tun ajin farko. Gwaggo ta ce ba inda za ta je, a aika da saƙo ya isa. Malam Idrisa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "Barka hakki ce. Je ki, ki yi barka, ki fito."

Ta yi barka bayan la'asar. Ta ɗauki jaririya, ta yaba hancinta. Tana shirin miƙewa Mariyama ta kama gefen mayafinta.

"Maigidan ya tafi Gamu, yau kuwa ranar aski ce da canza abin. Yaya na can baya yana fama shi kaɗai. Don Allah ki riƙe masa madubi kafin in gama shayar da ita."

Ummu ta tuna gargaɗin mahaifinta. Amma ƙafafunta ba su tsaya shawara da ita ba.

Yana zaune kan tabarma ƙarƙashin rumfar kaba, ya ba ta baya, reza a hannu, yana laluben ƙeyarsa. Ya rame. Bisa kunnensa na hagu akwai tabon ɗinki mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ta yi sallama da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Reza ta tsaya. Bai juyo ba.

"Wa alaikumus salam. Ummu, da kin bari na sa hula."

"Na riga na gani."

Ta zagayo ta durƙusa nesa kaɗan, ta ɗauki madubin ta riƙe masa. Idanunsu suka haɗu a cikinsa, kowa ya kawar. Duk maganganun da ta yi wata goma sha huɗu tana tarawa suka watse. Sai idonta ya sauka kan abin da ke shimfiɗe bisa farin ƙyalle a gefensa: faifai huɗu masu kama da filasta, kowanne da ƙananan abubuwa zagayayyu jere kamar maɓallan riga, kowanne da wayarsa, wayoyin sun haɗu sun shiga wata baƙar jaka irin ta 'yan lakwal.

"Wannan ne rediyon?"

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ta sani. "Har ke?"

"Ni tambaya nake. Wuta yake sa maka a ka?"

"Ba wuta ba ce irin mai jan mutum. Kin san yadda maganaɗisu ke juya allura bai taɓa ta ba? To, tsakanin faifan gaba da na baya, da na dama da na hagu, akwai irin wannan jan, amma na lantarki. Yana ratsa kai, yana juyawa, nan ya ja nan, nan ya ja can, sau dubu ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya."

"Dubu ɗari biyu! Kuma ba ka ji?"

"Ɗumi kawai. In zafi ya yi yawa sai jakar ta yi ƙara, in nemi inuwa. Shi ne tsakon da ake cewa."

Ta matso ba ta sani ba. "To me ya hana shi lalata ƙwaƙwalwar gaba ɗaya?"

"Ke ce malamar halittu. Me ƙwayar daji ta fi kowa yi?"

"Rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, ba hutu."

"In za ta rabu, me take fara yi?"

Ummu ta lumshe ido, ta ga zanen da take yi wa ɗalibanta a allo. "Tana jera zarurruka a cikinta, su ja rabi nan, rabi can." Ta buɗe ido da sauri. "Jan nan yana hana su jeruwa! Kamar mai saƙa ana kaɗa masa zare. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar babba kuwa galibi ba sa rabuwa, shi ya sa bai dame su ba."

"Likitana sai da ya yi mini bayani sau uku," in ji shi. "Amma akwai wani abin da ya fi wannan ba ni mamaki. Wata mai bincike a asibitin ta nuna mini hoto. Ashe ƙwayoyin nan magana suke da juna."

"Magana?"

"Suna miƙa wa juna wasu bututu sirara, siraran da gashi ya zama gungume a kusa da su. Ta nan suke aika saƙo, har ɗan guzuri suke tura wa wadda magani ya jigata ta farfaɗo. Ta ce a ɗakin bincike, da aka kunna irin jan nan a kan wasu ƙwayoyin daji, bututun sun ragu, zancen ya katse. Ko haka yake faruwa a cikin kan mutum, ta ce har yanzu nema suke, ba su gama sani ba."

Ummu ta saki madubin a cinyarta. Shekara biyar tana koyar da ƙwayar halitta, ba ta taɓa tunanin ciwo yana da 'yan aike ba.

"Me suke ce wa juna?"

"Ummu, wallahi ban tambaya ba."

"Ai da ni ce da na tambaya."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ranar ke na tuna."

Mariyama ta fito da goyo, ta ƙarasa masa askin, ta goge kan. Ummu ta riƙe takardar da aka zana kai a jiki, tana faɗin inda kowane faifai zai zauna, sama kaɗan, dama kaɗan. Aka manna, aka haɗa wayoyin suka sauka ta bayan wuyansa. Ya danna jakar, wata 'yar fitila ta kama. Mariyama ta dube su ta koma ciki.

Sai fuskarsa ta canza.

"Yanzu ki saurare ni. Abin nan ba ya warkarwa. Jinkiri yake sayo mini, ko wata nawa, Allah ne masani. Sa'a goma sha takwas kullum yana kaina, da shi nake kwana, da shi nake salla. Wata rana kalma takan ɓace mini a baki, in san abu, in kasa kiran sunansa. Ana iya wayar gari in kasa kiran naki." Ya dube ta. "Ban zo Gure don in ɗauke ki ba. Na zo in ce wa Baba na sauke alkawari, ya ba ki mai lafiya."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Shi ya sa ka yi ta aiko mini da sauƙi, da sauƙi? Wata goma sha huɗu, Sufiyanu. Mai bincike ta san abin da ke kanka, Mariyama ta sani, masu fura ma sun ƙirƙiro nasu, ni kaɗai ka bari a duhu. Ka yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba."

"Tausayinki na ji."

"Ban roƙe ka tausayi ba. Gaskiya na roƙa, yau kuma na same ta." Ta miƙe, ta gyara mayafi. "In ka je wurin Baba, ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini, kada ka rage ko ɗaya. Amma kada ka ce ka sauke. Ba kai kaɗai ka ɗauka ba."

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Gwaggo Habsu na zaune bakin ɗakinta, ta ajiye tsintar wake, idanu jajur.

"Barka ce ta kai ki har bayan gida?"

Ummu ta durƙusa. "Ki yafe mini, Gwaggo."

"Kina tsammani don Mainasara nake yi? Ki ƙi shi, ki auri duk wanda kika ga dama, Bamange ko Batube, in dai da ƙafafunsa yake tsaye." Ta buga ƙirji. "Ina da shekara ashirin da biyu uban Mainasara ya kwanta. Wata goma sha shida ina juya shi, ina wanke shi, ina ba shi kunu a cokali yana dawowa ta gefen baki. Mutumin da nake jin kunyar haɗa ido da shi, ya koma yana kuka in na fita ɗiban ruwa. Ranar da ya cika, Allah ya gafarta mini, sai da na ji sanyi a raina kafin baƙin ciki ya zo. Shekara talatin da takwas ina ɗauke da kunyar wannan sanyin, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke. Shi kike so ki ɗanɗana?"

Ummu ta rarrafa ta kifa kanta a cinyar Gwaggo, suka yi ta kuka tare.

Da kukan ya lafa ta ce, ba ta ɗago ba, "Gwaggo, in tambaye ki?"

"Ke da tambaya."

"Da an gaya miki tun ranar ɗaurin aure cewa haka zai ƙare, da kin fasa?"

Hannun da ke shafa kanta ya tsaya. Sannan Gwaggo ta ture ta a hankali, ta ɗauki faifan wakenta ta shige ɗaki.

Ranar Asabar da hantsi Malam Idrisa ya aika aka kira Sufiyanu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Gwaggo ta zauna gefe, Mainasara kusa da ƙofa. Ummu aka ce ta tsaya ciki, ta tsaya, amma bayan labulen zauren, inda take jin har numfashinsu.

Sufiyanu ya shigo da malafa a kan hula, jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi komai kamar yadda ta ce, bai rage ba. Bai ce ya sauke ba.

Malam Idrisa ya yi gyaran murya. Kowa ya san abin da aka tara su ya faɗa. Amma idonsa na kan wayar da ta leƙo ta wuyan rigar baƙon. Shekara talatin ya yi yana aikin gidan waya kafin ya yi ritaya, yana bin turaku a cikin tuddan yashi.

"Cire malafar in gani."

"Idrisa!" in ji Gwaggo. "Ba kallo muka zo ba."

"Yaya, bari." Ya sa tabarau, ya matso, ya bi wayar da yatsa bai taɓa ba, tun daga faifai har jaka. "Batir nawa?"

"Huɗu, Baba. Ina musanyawa. Na kafa sola a gidan Mariyama don kada in dogara da wutar gari."

"Alwala fa?"

"Na tambayi malamai, sun ce in shafa bisa, kamar mai ɗaurin karaya."

Malam Idrisa ya gyaɗa kai. "Kuma ka ce ƙwayoyin ciwon nan, waya suke ja tsakaninsu?"

"Haka masu bincike suka gani."

"Ikon Allah." Ya koma ya zauna. "Ni na san wannan. Daga nan zuwa Gidigir babu turken da ban hau ba. Gari in an yanke masa waya ba ya mutuwa, amma ba ya iya kiran gudummawa. Sai dai fa waya ana gyara ta, ni ne ma mai gyaran. Su ma suna gyarawa?"

"Ina jin shi ya sa aka ce kada in riƙa cirewa, Baba. In an sarara musu, sun samu hanya."

"Kawu," in ji Mainasara, "duk wannan ilimi ne mai kyau. Amma a tambaye shi, shekara nawa suka ba shi?"

Duk suka dubi Sufiyanu.

"Tambayarka daidai ce," in ji Sufiyanu. "Ba su ba ni adadi ba. Duk wata uku ake ɗaukar hoton kaina a duba. Na ƙarshe an ɗauka ana jibi zan taso, suka ce sai likitoci sun zauna a kansa." Ya ciro salula daga aljihu ya ajiye bisa tabarma. "Sakamakon ya shigo tun asuba. Ban buɗe ba. Na ce a gabanku zan buɗe, kada a ce na ɓoye wani abu."

"Yauwa," in ji Gwaggo. "Buɗe, kowa ya huta."

Ummu ba ta san lokacin da ta ɗaga labulen ba.

"Baba, don Allah kada a buɗe."

Duk suka juyo. Ita da ba ta iya ganin rufaffen abu ta ƙyale, ita ce ta zube a gaban mahaifinta tana roƙo.

"Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba sai shekaranjiya, kuma na tuba. Amma in aka buɗe ya yi kyau ka ce ka ba shi, to ga takarda ka ba da ni, ba gare shi ba. In bayan wata uku wata ta zo da akasin haka fa? Karɓe ni za ka yi? Ba zan iya aure wata uku-uku ba. Ka san shi, ka san iyayensa, ka ji ciwonsa daga bakinsa. Ka yanke yanzu. In ka ce a'a, wallahi zan bi, ko zuciyata za ta fashe. Amma kai ka faɗa, ba salula ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Malam Idrisa ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Kin ji abin da Gwaggonki ta sha?"

"Ta gaya mini da bakinta."

"Kin san ana iya wayar gari ki zama mai takaba ba ki cika talatin ba?"

"Na sani, Baba. Inna ma lafiyarta ƙalau ka aure ta."

Tsohon ya runtse ido. Da ya buɗe, sai ya miƙa hannu ya kife salular a kan tabarma.

"Sufiyanu, ka aika Alakos. Ranar Juma'a Yero ya turo magabata a sa rana."

Mainasara ya miƙe. Ya dubi Ummu, kallon da ba za ta manta ba, ya ce, "Allah ya sa alheri," ya sa takalmi ya fita. Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ba ta tashi ba.

"To, yanzu buɗe," in ji Malam Idrisa.

Sufiyanu ya ɗauka. Ya kalli rubutun, ya sake kallo, ya girgiza kai.

"Haruffan sun ƙi tsaya mini. Ummu, karanta."

Ta karɓa. Faransanci ne, layi shida. Ta karanta a zuci sau ɗaya. Sannan ta fassara, kalma bayan kalma, ba ta tausasa ko ɗaya ba.

"Sun ce wurin da aka yi aiki yana nan yadda yake, bai ƙaru ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Idrisa.

"Amma sun ga wani ɗan ɗigo a ɗaya gefen, ƙarami, kamar ƙwayar gero. Ba su tabbatar ko mene ne ba. Suna so ya koma cikin kwana goma a sake dubawa."

Gwaggo ta yaye mayafin. Ba ta yi murna ba, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta. "Kun ji ko? Idrisa, ka ji da kunnenka?"

Sufiyanu ya sunkuyar da kai. "Baba, maganar da ka yi, ba ka san da wannan ba ka yi ta. Ban riƙe ka da ita ba."

Malam Idrisa ya shiga lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa na motsi: yini biyu a mota zuwa Yamai, kwana ɗaya na jiran jirgi. Ya dubi 'yarsa.

"Ummul Kulsum, kin ji abin da kika karanta. Har yanzu?"

"Har yanzu, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya mai nauyi.

"To, maganar sa rana ranar Juma'a, na janye ta."

Gwaggo ta ɗaga hannu sama za ta yi hamdala.

"Babu lokacin sa rana," in ji Malam Idrisa, yana laluben sandarsa. "Ka gaya wa Yero ya zo da goronsa. Ana sauka daga masallacin Juma'a za a ɗaura."